Hannuwan da Suka Taɓa Ƙafar Baffa

Da sunan Allah, wanda ciwo da waraka duk a hannunsa suke. Na rubuta wannan ne bayan hankalinmu ya ɗan kwanta, don wanda yake da tsoho a gida ya ji abin da ya same mu. Ba zan faɗi sunan asibiti ba, ma'aikatan ma na sauya musu suna, domin ba ƙara nake kaiwa ba.

Sunana Sale, ɗinki nake yi a cikin garin Kibiya. Mahaifina, da muke kira Baffa, yana zaune a bayan Kahu, inda kakanninmu suka ajiye sandar yawo suka haɗa kiwo da noma. Har ya haura shekara sittin bai yarda wani ya kai masa shanu ruwa ba. Dogon mutum ne marar yawan magana, mai fulako irin na mutanen da. Ban taɓa jin ya ce wash ba, ko ranar da bijimi ya take shi a turke.

Alamomin ciwon sun daɗe suna yi mana sallama, mu ne ba mu amsa ba. Ƙishirwa ta matsa masa, ya sha ruwa yanzu ya sake nema. Buta ba ta rabuwa da hannunsa saboda yawan fitsari. Rigunan da na ɗinka masa da sallah suka koma kamar na aro. Inna, mahaifiyarmu, ta ce tana ganin tururuwa na taruwa a inda ya kama ruwa. Muka ce zafi ne da tsufa.

Damina ta yi tsakiya sai wata safiya Inna ta ga jini a kan buzun sallarsa. Da aka duba, ƙayar bagaruwa ce ta shige tafin ƙafarsa ta dama, kusa da babban yatsa, ta karye a ciki. Shi bai ma san ta shiga ba. Wannan rashin jin zafin shi ya kamata ya tsorata mu, amma muka ce ai Baffa ne, ko ya ji ba zai faɗa ba.

A makon farko aka yi sakiya aka cire ƙayar, ana gasa wurin da ruwan gishiri ana shafa man shanu. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da bin shanu cikin taɓo. Goggo Hari, ƙanwarsa da take aure a Fassi, ta zo da wani garin magani a ƙulle cikin leda. Ta ce, "Wannan ko saran gatari ne rufe shi yake. Ku dai cika ramin da shi safe da yamma." Wani maƙwabci ya ce ruwan batir. Wani ya ce a daka gawayi da kanwa. Ban da ruwan batir ɗin, babu wanda ba a gwada ba.

A mako na biyu ƙafar ta kumbura har takalmi ya daina shiga. Wari ya fara fita, irin wanda ko an kunna turare ba ya ɓoyuwa. Na goya shi a babur na kai shi ƙaramin asibiti, aka ɗan tsaga masa yatsa aka ɗiga jinin a wata 'yar na'ura. Mai awon ya kalli na'urar ya kalle ni ya ce, "Tun yaushe yake da ciwon suga?" Na ce ba shi da shi. Ya ce, "Yana da shi, kuma ya daɗe. Wannan ƙafar ta fi ƙarfinmu, ku wuce gaba."

Muka wuce wani asibiti ta ɓangaren Rano. Tun hantsi muke layin yankar kati, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Matar da take ba da katin tana tsallake mu tana miƙa wa waɗanda ta sani, da na yi magana ta ce in ban iya jira ba in koma daji. Likitan saurayi ne, gajiya ta cika masa ido. Ya buɗe tsumman, ya danna gefen ciwon, mugunya ta ɓullo. Maganarsa ɗaya da ta zauna mini ita ce, "Ƙafar mai suga ba ta jiran kowa." Ya ba mu gado, ya rubuta allurai, ya ce kullum za a wanke ciwon a cire naman da ya mutu.

Mutum biyu ne suke karɓa-karɓa a ɗakin wankin ciwo, mace da namiji, dukansu nas. Macen muka fara haɗuwa da ita, Sista Rabi, gajeriya, siririya, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Tana warware ƙafar ta ga garin Goggo ya daskare a ciki, ta ɗago kai.

"Wa ya zuba masa wannan ƙazantar?"

Goggo tana bakin ƙofa, ta ce, "Magani ne, 'yar nan."

"Magani? Ku kashe mutum a gida, sannan ku kawo mana ku ce mu ne. Ke Baba, ki fita waje. Kai kuma riƙe min ƙafar da kyau."

Ta ɗauki almakashi ta shiga cikin ciwon. Tana yanka tana kankarewa tana wankewa, ta bi ramin har inda ban san ya kai ba. Saman tafin ba ya jin komai, amma can ciki da rai. Baffa bai yi ko tari ba, sai dai gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf, gefen gadon da ya riƙe yana rawa. Ba ta ce masa sannu ba ko sau ɗaya. Da ta gama ta rako mu ɗakin kwanciya, ta leƙa ƙarƙashin gadonmu, ta tarar da kwanon fura da Goggo ta dama da zuma, ta ɗauka ta miƙa mini ta ce in fitar da shi, in ta sake gani za ta kira likita.

Da ta fita Baffa ya juya fuskarsa bango. Can ya ce da ni cikin Fulatanci, a hankali, "Yarinya mace ta riƙe ƙafata tana yi wa ƙanwata tsawa a gabana." Ciwon bai dame shi kamar wannan ba.

Washegari namijin ne, Malam Nasiru, wanda kowa a asibitin yake kira Likita duk da ba likita ba ne. Mutum ne mai fara'a, mai furfura kaɗan a gemu. Yana shigowa ya rusuna ya gaida Baffa da 'yan kalmomin Fulatancin da ya iya, har Baffa ya yi murmushi. Ya tambayi shanu, ya tambayi damina. Ya warware bandejin a hankali, ya shafa ruwan magani a sama, ya sa sabuwar auduga ya naɗe. Ko ɗigon gumi Baffa bai yi ba.

"Ka ga ɗan mutunci," in ji Baffa bayan ya fita.

A barandar ɗakin maza, inda masu jinya muke shimfiɗa tabarma, wannan ita ce hirar kullum. Wani dattijo daga Lausu da yake jinyar ɗansa ya ce, "Ni dai Allah ya haɗa ni da ma'aikaci namiji. Matan nan in sun sa farin kaya tausayi fita yake daga zuciyarsu." Wani ya ce matarsa ta rantse ba za ta sake haihuwa a asibiti ba saboda bakin ungozomomi. Babu wanda ya musa. Ni ma abin da idona ya gani ke nan.

Haka muka yi mako na uku, yau azaba gobe sauƙi. Duk ranar Sista Rabi, Baffa ba ya cin abincin safe. Kuma zaman gadon yana cin sa. Mutumin da bai saba kwana ƙarƙashin rufin da ba nasa ba, ga shi cikin mutane ana ba shi fo ya yi bayan gida a gaban baƙi. Da ya ji kukan saniya daga nesa sai ya ɗaga kai.

Ran nan Malam Nasiru ya ja ni gefe a gindin wata darbejiya. Ya ce, "Sale, tsohon nan zaman asibiti zai kashe shi kafin ƙafar ta kashe shi. Irin su ba a tsare su. Ina da kemis a cikin gari, allurar da ake yi masa duk ina da su. Ku mayar da shi gida, ni zan riƙa zuwa a babur ina wanke masa. Abin da za ku ba ni bai kai wahalar da kuke sha a nan ba."

Na gaya wa Baffa. Ban ƙarasa ba ya ce a tattara kaya. Likitan da ya ba mu gado ya ce ba da yawunsa ba, amma layin da yake jiransa ya kai bakin ƙofa, bai tsaya jan magana ba.

Muna fita, ina tura Baffa a keken marasa lafiya, muka yi kaciɓis da Sista Rabi ta fito da tire a hannu.

"Ina za ku kai shi?"

"Gida, Sista."

"Wa ya sallame ku?"

Na ce mu muka nema, Malam Nasiru zai riƙa zuwa yana duba shi. Na zaci za ta balbale ni da faɗa kamar yadda ta saba. Sai ta waiwaya ta kalli ƙofar ɗakin wankin ciwo, ta dawo da idonta kaina. Ta rage murya ta ce, "Ka riƙa duba yatsun da kanka. Ranar da ka ga sun fara baƙi, kar ku kwana." Ta wuce da tirenta.

Gaskiya Malam Nasiru ya fara da cika alkawari. Ranar da aka yi ruwa hanyar Kahu ta lalace, ya zo wandonsa duk taɓo har gwiwa. Ya wanke ƙafar, ya yi allura, ya bi Baffa sallar la'asar a zaune, Inna ta ba shi nono a galan. Baffa ya warware, yana kallon shanu suna fita suna dawowa. Goggo ta ce ai dama gida ya fi asibiti albarka.

Daga mako na biyar zuwan ya fara tsallake. Yau yana aiki, gobe an kira shi wani ƙauye, jibi yaron kemis bai zo ba. Idan na buga waya ya ce, "Ga ni nan tafe, in sha Allah," sai a kwana. Allurai kuwa ba su tsaya ba, duk daga shagonsa, har aka kai wani ɗan bijimi kasuwa. Warin ya dawo ya fi na da. Wata ranar Juma'a na ɗaga gefen bandejin na ga babban yatsa da mai bi masa sun yi duhu. Na kira shi nan take.

Ya ce, "Jini ne ya kwanta, kar ka damu. Zan sauya allura."

Na ce, "Malam, an ce mini in na ga baƙi kar mu kwana."

"Wa ya ce?"

Na faɗa masa. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Rabi ke nan. Mata akwai tsoro. Ni na koya mata riƙe almakashi."

Kwanaki kaɗan bayan nan zazzaɓi ya rufe Baffa. Ya fara magana shi kaɗai, yana kiran sunayen shanun da suka mutu tun ina yaro. Da safe Malam Nasiru ya iso, ya warware bandejin. Ina kallon fuskarsa lokacin da ya ga abin da yake ciki. Baƙin ya haye kan ƙafar, fatar ta yi ruwa. Fara'ar nan ta ɗauke gaba ɗaya. Ya miƙe daga tsugunen ya ce, "Kano za mu, yanzu."

A nan dole in faɗi abin da ya yi, don in na ɓoye na ci amana. Ya hau babur ya koma Rano, ya aro motar wani abokinsa, ya dawo da kansa. Shi ya ɗauki Baffa a hannu kamar yaro ya sa a mota. Shi ya tuƙa mu ta hanyar Bunkure har Kano, bai karɓi ko kuɗin mai ba. A babban asibitin da muka je, shi ya riƙa shiga ofis-ofis yana roƙo har aka ba mu gado a ranar. Da aka ce sai an tanadi jini leda biyu kafin a taɓa shi, na ba da ɗaya, muka rasa na biyu. Malam Nasiru ya naɗe hannun rigarsa ya ce a gwada nasa. Ya dace. Ya kwanta aka ɗiba, ya tashi yana jiri ya sha lemo, ya kama hanyar Rano don yana da aiki washegari.

Likitan tiyata dattijo ne. Ya duba ƙafar, ya tambayi wanda yake wanke ta da yadda ake yi. Na ba shi labari. Bai zagi kowa ba. Ya ce, "Ciwo irin wannan ba a lallashinsa. In ba a cire mataccen nama kullum ba, sai ya ci mai rai. Da wata guda baya kuka zo, yatsu za mu cire. Yanzu sai ƙasan gwiwa, in ba haka ba gubar ta gama da shi."

Da hankalin Baffa ya ɗan dawo na faɗa masa. Ya ce a'a. Ya ce da ƙafa biyu Allah ya yi shi, da su zai koma. Na roƙe shi, yayana da ya biyo mu daga baya ya roƙe shi, wani malami da yake jinya a gadon kusa ya yi masa nasiha cewa neman magani ba ya karya tawakkali. Ya rufe ido ya ƙyale mu. Da na rasa yadda zan yi, na buga wa Inna waya na kara masa a kunne. Inna irin matan nan ce da ba su taɓa faɗin sunan miji ba, ko zama kusa da shi a gaban 'ya'ya ba ta yi. Ina jin muryarta ƙasa-ƙasa daga wayar. Ta ce, "Ka dawo mini ko yaya ne. Ni ban shirya takaba ba." Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shiga kunne. Ya ɗaga mini kai alamar ya yarda.

Aka yi aikin. Aka sayar da saniya biyu. Bayan kamar mako biyu zaman Kano ya gagare mu, aka ce mu koma asibitin da ya fi kusa da mu a ci gaba da wankin dungun da awon suga. Haka muka sake samun kanmu a ɗakin da muka baro.

Malam Nasiru ya zo ya gaishe mu ranar farko, daga nan ya riƙa kauce wa gadonmu. Sista Rabi ce ta ɗauki wankin gaba ɗaya. Ranar da ta fara warware bandejin ta ga inda ƙafar ta tsaya, hannunta ya ɗan dakata, sannan ta ci gaba. Bakinta bai sauya ba. Ta yi mini faɗa a kan tuwon da ya yi yawa, ta yi wa yayana faɗa a kan ya zauna a gadon majinyaci. A gabana ta sa wata tsohuwa kuka don ta zubar da ruwa a ƙasa, abin da har yau ban ga dalilinsa ba.

Amma a wannan zaman na biyu na daɗe, kuma idona ya buɗe. Na lura in rana ta yi, mazan ma'aikata ɗaya bayan ɗaya suke zamewa, wannan yana da shago, wancan yana da gona, wani yana da wani asibitin kuɗi da yake leƙawa. Matan su ake bari da sauya zanen gado, da juya wanda ba ya iya juyawa, da ba da abinci a baki ga wanda ba shi da kowa. Babu mai yaba musu a kan wannan, don ba abin da ake ba da labarinsa ba ne. In kuwa aka kawo 'yan haɗarin mota, mazan ne suke rugawa, su ciccibi mutum cikin jini, su bi motar har Kano, washegari gari ya ɗauka. Ban ce duk haka suke ba. Akwai wani mai awon jini, namiji, da wutar lantarki ta ɗauke ya tsaya har magariba yana jiran a tayar da inji don kar mu kwana ba sakamako. Ita kuma mai katin nan tana nan yadda na bar ta.

Wata Lahadi ba ranar aikin Sista Rabi ba ce, wanda ya kamata ya yi wankin bai zo ba. Wajen la'asar sai ga ta cikin kayan gida, da goyo a bayanta. Ta kwance yarinyar ta miƙa wa wata mai shara, ta sa safar hannu. Ta ce, "Dungun nan bai kai a tsallake masa rana ba." Wata rana kuma maganin da aka ba Baffa ya ɓata masa ciki, abin ya kufce masa a gado kafin in kawo fo. Na nemi ma'aikaci namiji ban samu ba. Ta zo, ta ja labule, ta lulluɓe shi da zane daga ƙirji zuwa gwiwa, ta ce da ni, "Kai ka yi ta ciki, ni zan riƙe shi in sauya shimfiɗar." Duk tsawon aikin fuskarta tana kallon taga. Da muka gama ta kwashe zanen da hannunta ta fita, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Baffa bai ce mata komai ba, ranar ko bayanta.

Abin yana cina, har ran nan na tare ta a baranda tana wanke hannu. Na ce, "Sista, ranar da muka fita da shi, kin san abin da zai faru."

Ta ce, "Allah ne ya san abin da zai faru."

"Amma kin san yadda yake wankin. Me ya hana ki ce mini kar mu tafi?"

Ta rufe famfon. Ta ce, "Da na faɗa, za ku ji? Mahaifinka ko kallona ba ya yi." Ta yarfe ruwan hannunta. "Kuma shi ne shugaban ɗakin nan. Akwai wadda ta taɓa kai ƙarar irin wannan janye majinyatan zuwa shago. Ba a daɗe ba aka mayar da ita wani ƙauye mai nisa, aka ce ba ta da ladabi. Namiji in an mayar da shi, babur zai hau ya je ya dawo. Ni ina da goyo, kuma da sharaɗi maigidana ya bar ni aikin nan, kar a ji sunana a rigima. Na faɗa maka iya abin da zan iya faɗa."

Na ce, "Bai isa ba, Sista."

Ta ce, "Na sani." Ta goge hannunta a jikin riga ta koma ciki.

Bayan an sallame mu da 'yan kwanaki Malam Nasiru ya zo Kahu dubiya, da sandar hammata sabuwa da ya sayo wa Baffa. Gidan ya cika da murna. Goggo tana ta nuna shi ga mata tana cewa ga bawan Allahn da ya ba da jininsa. Da na raka shi wajen babur ya tsaya yana wasa da makulli. Ya ce, "Sale, wallahi na ɗauka zan iya. Na sha warkar da irinsa. Abubuwa ne suka yi mini yawa, gida uku nake ciyarwa." Na buɗe baki in faɗi abin da na daɗe ina tarawa, sai na tuna jinin wannan mutumin yana yawo a jikin mahaifina. Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Har yau in aka yi zancen jinyar Baffa a garinmu, Malam Nasiru ake sa wa albarka. Sista Rabi kuwa in an tuna ta, sai a ce masifaffiyar nan. Ni na kasa shiga hirar. Ina gode masa, ina kuma jin haushinsa. Ina gode mata, amma ban manta ta kalli ƙofa ta haɗiye maganar da ta fi kowace muhimmanci ba. Wanda ya tambaye ni tsakanin maza da mata wa ya fi tausayi a asibiti, sai in ce ban sani ba. Abin da na gani shi ne kowannensu akwai inda aka sake masa igiya, akwai inda aka ɗaure shi, majinyaci kuma yana kwance a tsakani.

Abin da zan ce wa 'yan'uwa kaɗan ne. Tsohon da ya fara yawan shan ruwa da yawan fitsari yana ramewa, a kai shi awon suga. Ciwon ƙafar da ba ya zafi ya fi mai zafi haɗari, kar a zuba masa komai. Ma'aikacin da ya ce ku bar asibiti ku koma hannunsa, komai kirkinsa, ku koma wurin likita ku tambaya. Kuma kar a auna mai wankin ciwo da daɗin bakinsa, a leƙa a ga abin da hannunsa yake yi.

Baffa yana nan da rai, alhamdu lillahi. Sugan ya daidaita, dungun ya warke. Yayana ne yake fita da shanu yanzu. Shi kuma kullum da safe ana shimfiɗa masa buzu a gindin tsamiyar ƙofar gida, ya zauna ya bi su da ido har su ɓace.

Makon jiya na je na same shi a wurin, na zauna ina rage masa tsawon ƙafar wando ɗaya da allura, don kar ta riƙa jan ƙasa. Ya daɗe yana kallon hannuna. Sannan ya ce, "Sale."

Na ce, "Na'am, Baffa."

"Yarinyar nan mai faɗa. Da na bari ta ci gaba da yanka ni tun farko, da ƙafar tana nan?"

Na ce, "Allah ne masani, Baffa."

Ya ce, "Na san Allah ne masani. Kai nake tambaya."

Na sunkuyar da kai na ci gaba da ɗinkin. Bai sake tambaya ba.